Mutumin da Ya Riƙe Mana Bango

Kafin masu shara su gama da farfajiyar gidan talabijin, Baba Kafinta ya riga ya jingine kekensa a gindin tankin ruwa. Ba ya bi ta gaban ɗakin ɗaukar shiri, inda fitilu da kujeru suke. Ta baya yake zagawa, ta wani lungu mai warin fenti da gam, inda falon nan da kuke gani a talabijin yake nuna asalinsa: falankai ne kawai a tsaye, an tokare su da sanduna. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da tafin hannu, yana kasa kunne. Wanda ya yi ƙara sai ya ƙara masa ƙusa. Ƙusoshin da suka lanƙwashe jiya ya tsince su, ya miƙar a kan dutse, ya zuba a gwangwanin madara. Fensir a bayan kunne, guduma a ƙugu, ƙusa a baki. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina gaishe shi da safe, kuma da wuya in tuna ranar da ya amsa mini bakinsa babu ƙusa.

A fusace nake wannan rubutu, gara in faɗa tun yanzu. Ni ce Gwaggo ta shirin Bango Ɗaya, tsohuwar nan mai tsaki da kuka daɗe kuna zagi kuna dariya. Ga wanda bai taɓa kallo ba, labarin gidan haya ne. Akwai Tela mai cika baki, akwai matarsa, akwai ni gwaggon matar da na zo jinyar ƙafa ta kwana biyu ban sake komawa ba. Sai kuma maƙwabcinmu, Na Bayan Bango, wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Duk lokacin da Tela ya sharo ƙarya, sai a ji bango ya amsa, ƙwas-ƙwas, a ɗan dakata, ƙwas. Sannan wata murya mai kama da ta wanda ya cika baki da tsakuwa ta ce, "Muna ji fa." An rufe shirin a watan jiya. Mu da aka san fuskokinmu an ba mu kyaututtuka, an ɗauke mu hoto. Mai muryar kuwa an ba shi aikin kwance falankan.

Ba marubuci ne ya ƙirƙiro Na Bayan Bango ba, kada wani ya ruɗe ku. Tun farkon shirin a gaban jama'a muke ɗauka, mutane na zaune a benci suna kallonmu. Wata rana Tela yana tsakiyar ba da labarin yadda ya taɓa ɗinka wa wani dogo wando sai da ya hau tsani ya auna shi, sai bangon bayanmu ya fara rinjayowa. Baba ya lallaɓa ta baya, ya tokare shi da kafaɗa, ya shiga buga ƙusa. Bugun ya rikita Tela, ya manta abin da zai faɗa, ya juya ya daka tsawa wa ke buga musu bango. Baba ya zaci faɗa ake yi masa da gaske. Da ƙusoshi a bakinsa ya ce, "Ku ci gaba, muna ji fa." Bencin nan ya kaure da dariya. Wata mata sai da aka fita da ita ta sha iska. Ni kaina juya baya na yi ina gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Tsohon daraktanmu, Allah ya ji ƙansa, ya hana a yanke wajen. Da aka tashi ya zaga lungun ya ce wa Baba daga yau yana da aiki biyu.

Na sha jin masu ilimi suna cewa mutane na son shirin barkwanci ne don su manta da damuwarsu. Ni ban yarda ba. Wa ya manta da damuwarsa don ya ga Tela yana gudun mai gidan haya, alhali shi ma gobe da safe nasa zai zo? Abin da mutane ke so shi ne su ga gidansu a cikin akwatin, su ga ashe haukan ba a gidansu kaɗai ake yi ba. Kusan duk wanda ke kallonmu ya taɓa kwana a ɗakin da idan maƙwabci ya yi tari zai ce masa sannu. Kuma kowa yana da Tela a gida: uba ne, ko miji, ko yaya, ko shugaba a wurin aiki, wanda idan ya fara zuba ba ka da bakin ce masa ƙarya yake yi. Baba Kafinta shi ya ba marasa baki baki. 'Ya ba za ta iya ƙaryata ubanta ba, amma za ta iya ƙwanƙwasa tebur, uban ya harare ta, dariya ta ƙwace masa, magana ta mutu ba a ɓata da kowa ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa a ɗakin maza na asibitinsu, idan likita ya ce allurar ba zafi, sai ka ji ana ƙwanƙwasa ƙarfen gado tun daga wannan kusurwa har waccan. Wata mata kuma ta taɓa riƙe mini mayafi a kasuwa, ta ce mijinta ya yi wata da watanni a zaune bayan an sallame shi daga aiki, ba ya magana da kowa sai faɗa. Ran nan baƙi suka zo, ya hau ba su labarin kamfanonin da ke rububinsa. Tana ajiye shayi, hannunta ya ƙwanƙwasa faranti da kansa, ba ta san ta yi ba. Ta ce ta sadaƙar yau sai ta bar gidan. Sai ya dube ta, ya dubi baƙin, ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce to shi ke nan, wanda ya san inda ake neman direba ya taimaka. Ni ta yi wa godiya. Na karɓa, na kawo wa Baba da safe. Ya cire ƙusa ɗaya daga bakinsa ya tambaye ni ko mutumin ya samu aikin.

Kada ku ɗauka bugun nan abu ne mai sauƙi. Marubuta sukan ba shi takarda da alamar inda zai buga, shi kuwa sai ya ninke ta ya cusa a ƙarƙashin ƙafar kujerar da ke rawa. Ba Tela yake saurare ba, benci yake saurare. Ya taɓa ce mini akwai wani shiru da mutane ke yi idan sun gane ƙarya ake musu amma suna jin nauyin faɗa, to shi wannan shirun yake jira. Makon da zazzaɓi ya kwantar da shi aka sa mai kula da sauti ya riƙe masa. Ya buga tun ƙaryar ba ta zauna ba, aka yi tsit kamar an shiga gidan makoki. Dole aka ɗage ɗaukar shirin sai da Baba ya tashi.

Kai ne, Baba, da gwiwata ta fara ciwo ka ƙara wa kujerar Gwaggo tsawo ba ka gaya wa kowa ba, sai ji na yi tashi ya daina ba ni wuya. Kai ne ka goge bakin teburin Tela sumul ranar da aka fara kawo jarirai cikin shirin. Kai ne ake tafa mana saboda kai, kana can cikin zafi da sauro kana jin tafin ta cikin katako. Mai guduma, maƙwabcin kowa. Ba ka taɓa tsayar da mutum a titi ka ce masa kai ne ba, kuma ko ka faɗa wa zai yarda, tunda in babu ƙusa a bakinka muryarka ta kowane tsoho ce.

Abu ɗaya aka taɓa yi masa alkawari. Tsohon darakta ya faɗa a gabanmu duka, ba sau ɗaya ba, cewa ranar da za a rufe Bango Ɗaya za a buɗe ƙofa a jikin bangon, Baba ya shigo da ƙafarsa, duniya ta gan shi. Shi Baba murmushi kawai yake yi idan an faɗa. Wadda ta riƙe maganar da hannu biyu ita ce matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna. Shekara da shekaru tana gaya wa matan layinsu cewa muryar nan ta mijinta ce, su kuwa suna ƙwanƙwasa mata ƙofa suna cewa muna ji fa. Da maganar mijinta ake ƙaryata ta a kan mijinta. Ba ta taɓa yin faɗa da kowa ba, iyaka ta ce su jira ranar ƙarshe. Da aka sanar za a rufe shirin, ta ɗinka masa sabuwar riga, ta bi gida-gida tana gayyatar matan su zo ɗakinta su kalla.

Ba ta san darakta ya tafi da alkawarinsa kabari ba. Wanda ke riƙe da mu yanzu wani sabon manaja ne, mai turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ya tara mu ya ce kamfanin sabulun da ke ɗaukar nauyin shirin yana son fuskar Na Bayan Bango a allon tallarsa, don haka an samo wani matashi mai kyan gani da zai shigo ta ƙofar. Na tuna masa alkawarin. Ya ce ya ji labari, amma talabijin ba gidan sadaka ba ne. Ya ce, "Baba ai muryarsa ce jarinsa. Fuskar kuwa a bar ta inda take." Yana faɗin haka Baba yana durƙushe a ƙarƙashin teburin da muke zaune, yana ɗaure masa ƙafa. Ko dai manaja bai gan shi ba, ko ya gan shi bai ɗauke shi mutum ba, ku zaɓi wanda ya fi muku sauƙi.

Na wanke shi tas, ban rage komai ba. Na tambaye shi gibin Baba ne sabulu ba ya so ko furfurarsa, kuma tun yaushe masu gibi suka daina wanka. Na ce idan fuska ake nema, me ya sa aka bar ni shekara ashirin a gaban kamara. Na juya neman mai tayawa. Tela, abokin aikina, wanda da bugun Baba ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, ya tsura wa takalminsa ido. Sauran suka yi tsuru-tsuru. Wannan shirun nasu ya fi maganar manaja ƙona mini rai, har yau kuma ban huce ba. Baba ya gama ɗaure ƙafar tebur, ya girgiza shi ya ga ya zauna, ya tattara kayansa ya fita.

Shi aka sa ya yanka ƙofar. Ya yanka, ya ɗora ƙyaure, ya goge, ya shafa fenti. Ya gaya wa su manaja bango ya yi rauni da aka huda shi, dole a bar sanda ta tokare shi ta baya. Mai kamara ya ce idan an buɗe ƙofa sandar za ta fito a hoto. Manaja ya ce a cire ta, ai na ɗan lokaci ne.

Matashin da aka kawo ba shi da laifi, wannan zan faɗa. Yaro ne mai ladabi, masu kwalliya suka laƙaba masa Ɗan Sabulu. Ya yi ta gwada muryar ta ƙi fita, sai ya zaga lungun ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya ce a taimaka masa kada ya ji kunya. Da ni ce, da na nuna masa hanyar fita. Baba ya buɗe gwangwanin madara, ya zaɓo ƙusoshi masu tsabta, ya wanke su, ya nuna masa yadda ake riƙe su a gefen baki ba a haɗiye ba. Sirrin da ya ci shekara ashirin yana bakinsa ya ba da shi kyauta a tsaye. Muryar ta ɗan kusa. Da manaja ya gani ya ce ba za a sa ƙusa a bakin da zai tallata sabulu ba.

Ranar ɗaukar shirin ƙarshe benci ya cika har ana tsayuwa. Inna tana layin gaba. Baba ya riga ya gaya mata abin da ake ciki, ta ce duk da haka za ta zo, kuma rigar sai ya sa, tunda don ranar aka ɗinka, ranar kuwa ta zo. Aka cire sanda, aka kunna fitilu. Kafin mu fara, manaja ya hau dandamali riƙe da hannun yaron, suka tsaya a gindin bangon. Ya yi godiya, ya yabi kamfanin sabulu, sannan ya ɗaga hannun yaron ya ce ga mutumin da suka ɓoye wa jama'a duk tsawon shekarun nan. Yaron da lokacin da aka fara shirin rarrafe yake yi.

Sai aka yi shirun nan. Na san shi, duk wanda ke kan dandamalin ya san shi, shi ne shirun da Baba ke jira. Ban san lokacin da na juya na kalli bango ba. Tela ma ya juya. A raina ina cewa buga, Baba, yau kam buga, ka tsaga katakon in ka ga dama. Bango bai ce komai ba.

Daga benci bugun ya fito. Inna ce, da zoben hannunta, ƙwas-ƙwas, ta dakata, ƙwas. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Muna ji fa." Na kusa da ita ya karɓa, na baya ya karɓa, kafin ka ce me ɗakin gaba ɗaya yana ƙwanƙwasa benci, babu mai dariya. Manaja ya yi yaƙe, ya tafa kamar da shi aka shirya, ya sauka. Aka ɗauki shirin haka nan. Ƙofa ta buɗe, yaron ya shigo ya faɗi maganar da muryarsa tangaran, ko tari babu wanda ya yi. Sai yaron ya ba ni tausayi.

Ana kashe fitila na zaga lungun, kuma da faɗa na je. Haushin manaja daban, haushin Baba daban. Ta yaya mutum zai bari matarsa ta tsaya masa shi ya yi gum? Na same shi ya juya wa bango baya, ya manna kafaɗunsa da tafukan hannunsa a jikin falanki, ya kafa ƙafa a ƙasa. Sabuwar rigar ta jiƙe sharkaf, fenti ya ɓata kafaɗarta. Tun da aka cire sanda yake tsaye a haka. Gudumarsa tana ƙasa kusa da ƙafarsa. Duk da na gani, bakina ya riga ni, na tambaye shi me ya hana shi bugawa.

Ya ce, "Gwaggo, da wane hannun? Idan na saki, a kan yaron mutane zai faɗa."

Na ce ai manaja ma yana wajen, da ya saki mun huta. Ya ce shi ma ɗan mutane ne, in miƙo masa sandar can hannunsa ya sage.

Ku da kuka kalla a gida ba ku ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. An yanke jawabin manaja, an yanke Inna, an yanke benci. An ɗauko muryar Baba daga wani tsohon shiri an ɗora a bakin yaron, an zuba dariyar da mutane suka yi shekarun baya a kan wani abu daban. Fuskar sun ce ba ta yi ba, muryar kuwa ba su iya barin ta ba. Wannan ba gyaran shiri ba ne, sata ce, kuma ina faɗa da bakina wanda kuka sani. Matan layin su Inna sun zo ɗakinta kamar yadda ta gayyace su tun da farko, don ta ce ba za ta janye gayyata ba. Suka ga muryar mijinta tana fita daga bakin ɗan wani. Ɗaya daga cikinsu ta tashi tana kaɗe zani tana cewa ai dama sun sani. Don mai kaɗe zanin nan nake wannan rubutu, a karanta mata da kyau. Inna ba ta taɓa yi muku ƙarya ba. Ni Gwaggo ina wajen, tun ranar farko har ranar ƙarshe.

Baba, na gode. Na gode a madadin Tela da sauran da kunya ta hana su zuwa gaishe ka, da masu ƙwanƙwasa gadon asibiti, da matar nan ta kasuwa. Allah ya saka maka, ya ba hannun nan lafiya. Da aka kwance falankan, Inna ta ce ba ta son komai sai ƙyauren. Ya ɗauro shi a keke, ya ɗora a ƙofar ɗakinsu, kuma yanzu kullum da yamma ta nan yake shigowa, da gibinsa da furfurarsa, babu mai ce masa fuskar ba ta yi ba.

Ku kuma masu karatu, ba na ce ku zama masu haƙuri irin nasa har a taka ku ba, ni kaina ban iya ba. Abin da za ku ɗauka a wajensa shi ne kada haushin babba ya sa ku saki bango a kan ƙarami. Kuma a wurin aikinku akwai lungu, akwai wanda ke tsaye a ciki. Ku zaga ku gan shi tun yana nan. Idan kun ji ana cin fuskarsa a gabanku, kada ku kalli takalminku.

Shekaranjiya manaja ya kira ni a waya, ya ji labarin ina rubutu. Ya ce in kwantar da hankalina, Baba uba ne a wajensu, suna nan suna shirya masa gagarumin taron girmamawa nan ba da jimawa ba. Na bar shi ya gama tsaf. Na jira shirun nan ya zauna, kamar yadda aka koya mini. Sannan na kai wayar kusa da tebur, na lanƙwashe yatsa.

Muna ji fa.